Ƙarfe Yanzu

Duk layin nan, in agogonka ya tsaya, ba wanda za a nuna maka sai Mai Agogo. Rumfarsa 'yar ƙarama ce, a matse tsakanin shagon mai fenti da na mai gyaran takalmi. Tebur ɗaya ne da akwatin gilashi, sai agogunan bango guda bakwai a rataye a bayansa, duk bakwai ɗin suna tafiya tare kamar da igiya ɗaya aka ɗaure su. In ya maƙala gilashin nan nasa na ido ɗaya ya ɗauki matsefata, ko numfashi ba ya yi da ƙarfi. Zai karɓi agogonka ya kara a kunne, ya ce, "Wannan yana cin minti biyu kullum." Ka je gida ka gwada, ka tarar minti biyun ne cif.

To amma mutumin da ke gyara wa gari lokaci, nasa lokacin ne ya lalace, kuma duk duniya shi kaɗai ne bai sani ba. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Kada ka kai zuciyarka nesa. Ba giya, ba caca, ba neman mata. Karta ce kawai. A bayan shagon Mai Faci akwai benci biyu da wani tebur mai ƙafa uku, ta huɗun bulo ne. Nan suke haɗuwa su huɗu: shi, da Mai Faci, da Direba, da wani Dogo mai aikin wutar lantarki. Ko sisi ba a sawa. Wanda aka ci sau uku a jere, sai a kifa masa wata tsohuwar hular kwano a kai, ya zauna da ita yana gumi har sai ya ci wani. Wannan fasasshiyar hular kwanon ita ce duk abin da magidanta huɗu masu gemu ke raba dare a kai. Allah ya shirya.

Da magariba yakan rufe rumfa, ya iso gida, ya watsa ruwa, ya ci abinci kamar wanda mota za ta bari. Minti goma sha biyu, shi da kansa ya taɓa ƙirgawa. Daga nan sai ya zura takalmi, ya leƙo falo ya ce:

"Yanzu zan dawo."

Sai ƙarfe ɗaya, wata rana biyu. Da safe kuwa, lokacin da gida ke tashi, shi yana can yana jan munshari.

Matarsa tela ce, a falo take da kekenta, kusa da taga. Babu dabarar da ba ta gwada ba. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta yi gaba. Ta taɓa kulle ƙofa, ya kwana a kan bencin waje, washegari ya kai wa abokansa labarin suka yi ta dariya. Ta taɓa tura agogon falo gaba da awa biyu, don in ya shigo ya ga ƙarfe uku kunya ta kama shi. Kallo ɗaya ya yi wa bango ya ce, "Wa ya taɓa min agogo?" Ya taka kujera a tsakar daren nan ya gyara abinsa. Daga ranar ta sa masa ido. Shi kuma da ya ji shiru, sai ya ɗauka an zauna lafiya.

Mutum ɗaya ce ba ta sallama shi ba, 'yarsu, mai shekara shida. Aku ake ce mata, don tun da ta fara magana bakinta bai huta ba. Tana da wata 'yar kujera ta katako mai shuɗin fenti. Kullum da ya fita sai ta jawo ta bakin ƙofa, ta zauna da 'yar tsanarta a cinya, tana jiran Baba, tunda ai ya ce yanzu zai dawo. Tana nan tana surutu har muryar ta fara ja, kai ya langaɓe, uwar ta tashi daga kan keke ta ɗauke ta.

Wata safiya yana shan shayi, ido duk a kumbure, matar ta ce masa ba tare da ta ɗago daga ɗinki ba:

"Baban Aku, ni na daina jiranka tuntuni, kuma ka ga ban mutu ba. Amma ka ji tsoron ranar da yarinyar nan za ta daina."

"Haba, Maman Aku! Ina nake zuwa? Bayan layi ne fa, ko ihu kika yi zan ji."

"To," in ji ta. Ta ci gaba da taka keke.

Ana nan ranar wata Litinin, sai ga takarda daga makaranta: Malama tana son ganin mahaifin yarinya, mahaifi fa, ba mahaifiya ba. Washegari Mai Agogo ya sa wankakkiyar riga da hantsi ya tafi, yana tunanin ko Aku ta cika su da surutu ne.

Malama mace ce mai jiki da fara'a, alli duk ya ɓata mata hannu. Ta ba shi wata 'yar kujerar yara ya zauna, gwiwoyinsa sun kusa kai masa haɓa.

"Malam, 'yarka akwai kai," ta ce. "Lissafi, karatu, duk ba ta da matsala. Kalma ɗaya ce ta gagare mu."

"Wace kalma?"

"Yanzu."

Mai Agogo ya gyara zama.

"Ran nan na ce mata, ki ɗauko min littafinki yanzu. Ta ce to, ta ci gaba da zamanta. Sai washegari da safe ta kawo min, har da murmushi. Na ce mata je ki wanke hannu yanzu, ta ce ai da saura, rana ma ba ta faɗi ba. Na ɗauka taurin kai ne. Sai jiya na ce kowa ya faɗa min ma'anar yanzu." Malama ta buɗe wani littafi, tana danne dariya. "Ga abin da 'yarka ta ce, na rubuta don kada in manta. Wai yanzu shi ne lokacin da kowa ya riga ya yi barci."

Mai Agogo ya ƙyalƙyale da dariya har 'yar kujerar ta yi ƙara.

"Na tambaye ta wa ya koya mata," in ji Malama. "Ta ce Babanta ne, kuma Babanta ya fi kowa sanin lokaci, don shi ke gyara agogo. Ka ga kuwa ba ni da bakin musu."

"Yara ke nan, Malama! Zan gyara mata."

"Yaushe?"

"Ai yan..." Ya haɗiye sauran. Malama ta dube shi ta saman tabarau, ita ma ta yi dariya, amma tata ba ta kai tasa tsawo ba.

Kana tsammani wannan ya ishe shi? Ina! A daren nan ya kai labarin teburin karta. Direba ya yi dariya har ya shaƙe da shayi, Dogo ya faɗo daga kan benci. Daga ranar suka laƙa masa suna, Alhaji Yanzu. Shi kuma har wani jin daɗi yake, wai 'yarsa ta iya magana.

A makon nan ne Aku ta ɓullo da wata sabuwar ɗabi'a. Da ya zauna cin abinci sai ta zo ta tsaya a gabansa ta washe baki, ba ta cewa komai. Ranar farko ya ce, "Yauwa, 'yar Baba," idonsa na kan kwano. Rana ta biyu ya shafa mata kai. Rana ta uku ya ce, "Ke wai lafiya kike ta washe min baki kamar mai tallan man goge haƙori? Matsa in wuce." Ta rufe bakinta ta matsa.

Ranar Asabar da hantsi yana rumfa, ya buɗe cikin wani agogon hannu yana sa masa mai, sai inuwa ta rufe masa haske. Ya ɗago. Wa zai gani? Na Tsallake.

Shi wannan Na Tsallake wani dattijo ne mai gyaran agogo a ɗaya gefen titi, daidai kallon rumfar Mai Agogo. Shekara tara suna kallon juna, ba abin da ke haɗa su sai ɗaga hannu daga nesa. Mai Agogo yana cewa Na Tsallake ba gyara yake yi ba, kashe agogo yake ya binne. Na Tsallake kuma yana cewa yaron can baki ne da shi, ba hannu ba. Bai taɓa tsallako titin ba sai yau, ga shi kuma da wani abu a leda.

"Sannu da aiki, maƙwabci."

"Yauwa, sannu, Baba. Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Aiki na kawo maka, ya fi ƙarfina."

Mai Agogo ya ji wani sanyi har cikin ransa. Shekara tara yana jiran wannan ranar! Ya gyara murya, ya share tebur da gefen hannu. Dattijo ya buɗe leda ya ajiye abin.

Wani ɗan jan agogon tebur ne mai ƙararrawa biyu a ka, da hoton kaza a fuskarsa, mai saran ƙasa duk daƙiƙa. Kazar a tsaye take cik. Mai Agogo ya san agogon nan kamar tafin hannunsa. Shi ya kai wa Aku shi ranar da ta shiga makaranta. Agogon ya faɗo daga kan tebur tun wata biyar da suka wuce, ta kawo masa tana hawaye, ya ce ta ajiye, yanzu zai gyara.

"A ina ka samo wannan?"

"Wata 'yar kwastoma ce ta kawo min jiya da yamma, ita da mahaifiyarta. Uwar ta tsaya daga baya, yarinyar ce ta yi bayani. Kai, akwai baki!" Dattijo ya zauna a kan benci ba tare da an ce ya zauna ba. "Na ce mata, 'yata, ai ga babanki can tsallake, gwani ne. Ka ji fa, na ce gwani ne. Ta ce e, ya ce yanzu zai gyara, ita kuma tana so ne kafin ta girma."

Mai fenti da ke maƙwabtaka, wanda kunnensa ke nan tun ɗazu, ya fashe da dariya. Mai Agogo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. 'Yar gidansa, agogon gidansa, a hannun Na Tsallake! In labarin nan ya zaga layi, ina zai sa kansa?

"Gyaran ba wuya," in ji dattijo. "Wani ɗan ƙarfe ne ya goce, aikin minti biyar. Ba shi ya gagare ni ba. Saitin ne."

"Wane saiti?"

"Ta ce in na gama, in saita mata ƙararrawa ta buga da ƙarfe yanzu."

"Ƙarfe me?"

"Abin da na tambaya ke nan. Na ce, 'yata, shekara arba'in ina aikin nan, na san ƙarfe ɗaya har zuwa sha biyu, ban taɓa ganin ƙarfe yanzu ba. A ina yake? Ta ce lokacin da Babanta ke dawowa ne. Wai in ta zauna jira barci yana sace ta, to gara ta kwanta, agogo ya tashe ta, ta gan shi. Tana da abin da take son nuna masa."

Wannan karon mai fenti bai yi dariya ba. Ya koma cikin shagonsa yana jera gwangwanaye da ba su buƙatar jeri.

Dattijo ya miƙe yana dafa gwiwa. "Na kwana ina duba fuskar agogon nan, ban ga inda zan sa allura ba. Na ce wannan sai mai shi. Nawa 'ya'yan sun girma, maƙwabci. In na kira su a waya, ka san abin da suke ce min? Baba, yanzu zan kira ka." Ya yi 'yar dariya, ya duba hagu da dama, ya tsallaka titi abinsa.

Mai Agogo ya daɗe yana kallon kazar nan. Sai ya cire gilashin ido, ya ja ƙofar rumfa, ya nufi gida da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba. Kuma don ka san halin ɗan Adam, da faɗa ya shiga.

"Maman Aku! Ke kika kai agogon gidana wurin mutumin can? Kin san abin da kika yi min a layi kuwa?"

Tana tsakiyar ɗinke hannun riga, allura biyu a baki. Ta zare su ɗaya bayan ɗaya ta soke a jikin matashi.

"Ni rakiya na yi. Mai agogo ita ta zaɓi mai gyaranta."

"Da ba sai ki hana ta ba?"

"In ce mata me? In ce ta jira yanzu?"



"Tunda Allah ya kawo ka gida da rana," ta ce, "dubi bakin ƙofa ka faɗa min abin da ka gani."

Ya juya. Takalma ne, da tsintsiya, da lema a jingine.

"Ban ga komai ba."

"Yauwa. Kwana uku ke nan kana tsallake wurin nan da dare, ba ka lura ba ka yi tuntuɓe da komai ba. Ta ɗauke kujerarta ta kai ɗaki. Ta ce jira yana sa mata ciwon wuya." Ta ɗora ƙafa a kan keke. "Agogon nan shi ne dabararta ta ƙarshe, Baban Aku. In shi ma bai yi ba, ban san me ya rage ba."

A nan ne tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ya tuna sau nawa ya yi tuntuɓe da 'yar kujerar nan a cikin duhu yana tsaki, yana cewa me ya sa ba a kawar da kaya daga hanya. Ga shi an kawar.

Ya koma rumfa ya gyara agogon. Da gaskiyar dattijo, minti biyar ne. Wata biyar saboda aikin minti biyar! Ya wana shi, kaza ta fara saran ƙasa. Ya juya allurar ƙararrawa ya tsayar da ita a kan takwas da rabi, don ya san da tara ake kwantar da Aku. Ko wannan ma sai da ya yi tunani kafin ya tuna.

Da na so in ce maka daren nan ya zauna a gida, amma ƙarya ba kyau. Hali zanen dutse ne. Yana gama cin abinci ƙafarsa ta nemo takalmi da kanta. Ya ce wa ransa ai bai kamata a watsar da abokai haka ba sallama ba, bari ya je ya yi musu bayani kawai. Ya leƙa falo. Aku tana kwance rub da ciki a ƙasa tana zane.

"Yanzu zan..." ya fara.

"To, Baba," ta ce. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ya fita da jan agogon a aljihun riga, yana jin saran kazar a ƙirjinsa.

Bayanin da ya je yi kuwa, kafin ya buɗe baki an riga an raba masa kati. "Alhaji Yanzu ya iso!" in ji Direba. "Zauna, yau sai ka sa hula." Ya ce hannu ɗaya kawai. Hannu ɗaya ya zama huɗu. Kuma kamar da gayya, daren nan sa'a ta zo masa irin wadda bai taɓa gani ba. Ya ci Direba sau biyu a jere. Direban da wata uku rabonsa da hular kwano, mai cika baki, mai cewa hular ba ta san girman kansa ba! Aka raba na uku. Mai Agogo ya duba hannunsa, ya ga duk manyan katunan sun taru a wurinsa. Dogo har ya ɗauko hular yana karkaɗe mata ƙura.

Sai aljihunsa ya ɗauki ƙara.

Kai, agogon nan ƙarami ne amma muryarsa ta babba ce. Mai Faci ya yi tsalle ya kifar da shayi, Dogo ya saki hula, wani kare ya kama haushi a bayan katanga. Mai Agogo ya lalubo shi da ƙyar ya danne.

"Wannan kuma fa?" in ji Mai Faci. "Gobara?"

"Gida zan tafi."

"Gida? Da takwas da rabi? Ba ka da lafiya ne?"

"Ko Madam ce ta ɗaura maka ƙararrawa kamar akuya?" in ji Dogo.

Direba, da ya ga alamar tsira, ya ajiye katunansa. Mai Faci ne ya riƙo masa hannun riga. "Haba, mutumina, ƙarasa wannan hannun mana. Ga shi ka kama shi. Zauna, yanzu za mu gama."

Bai taɓa jin kalmar a bakin wani ba sai ranar, ko kuwa ya sha ji bai saurara ba. Ashe haka take da daɗin faɗa, haka kuma take ba komai a cikinta. Ya dubi katunan nan nasa masu kyau, wallahi har ransa ya so su. Ya kife su a kan tebur. Ya sunkuya ya ɗauki hular kwano ya kifa wa kansa.

"An ci ni," ya ce. "Sai da safe."

Ya bar su baki buɗe. Da farko tafiya yake ta dattako. Da ya sha kwana ya duba agogon hannunsa, sai ya ɗaga ƙafa. Mutanen layi da ke shan iska a ƙofar gidajensu suka ga Mai Agogo yana sassarfa da hular kwano a kai, ba babur ba keke, suka bi shi da kallo.

Maman Aku tana ninke ɗinki ya turo ƙofa. Ta dube shi, ta dubi agogon bango, ta sake dubansa.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa. Ta yi barci?"

"Yanzun nan na kwantar da ita, yau da wuri ta nemi gado." Ta ɗan tsaya. "Yanzun mutane fa, ba naka ba."

Bakin ƙofa wayam, takalma da tsintsiya da lema. Ya wuce ɗakin yarinyar a hankali. Fitila a rage take. Aku tana kwance ta juya wa ƙofa baya, 'yar shuɗiyar kujerar tana gefen gado, 'yar tsana ce zaune a kai. Ya tsaya, bai san ta inda zai fara ba. Mutumin da ke cika teburin karta da surutu har biyun dare!

"Aku."

Ta juyo. Ta yi masa kallon mamaki, ba na murna ba.

"Baba, ka manta wani abu ne?"

Maganar ta soke shi. Ya zauna a bakin gado, ya zaro jan agogon ya ɗora mata a kan bargo. Kaza tana ta saran ƙasa.

Ta tashi zaune da sauri. "Ta warke! Tsohon can ne ya gyara?"

"Ni na gyara."

"Ka saita shi ƙarfe yanzu?"

"Na saita. Har ya buga. Shi ya koro ni gida."

Ta ɗaga agogon kusa da fitila, ta bi allurai da yatsa tana motsa baki, yadda Malama ta koya musu. "Tara saura kwata," ta ce. Ta dube shi da shakka. "Yau yanzu ya zo da wuri."

"Daga yau nan ne wurinsa."

"Me ya sa ka sa kwano a kai?"

Ya taɓa kansa. Sai a lokacin ya tuna. Daga bakin ƙofar ɗaki ya ji Maman Aku ta tuntsire da dariya, irin wadda ya daɗe bai ji ba, har tana dafa bango. Aku ma ta kama, ta buɗe baki tana ƙyalƙyatawa, sai ga shi ya gani: giɓi a sama, daidai tsakiya, har sabon haƙori ya fara leƙowa.

"Kai! Ina haƙorinki?"

"Sai yau ka gani?" Ta zura hannu ƙarƙashin matashi ta fito da akwatin ashana. Ta buɗe, ga ɗan haƙori a kan auduga, ƙarami kamar ƙwayar shinkafa. "Kwana uku ina nuna maka, ka ce in matsa. Da kaina na cire shi, ko kuka ban yi ba. Mama ta ce in jefar, na ce sai Baba ya gani, shi ya san ƙananan abubuwa."

Mai Agogo ya laluba aljihu, ya ci sa'a gilashin idonsa na nan. Ya maƙala, ya ɗauki haƙorin da yatsa biyu, ya juya shi gaban fitila kamar yadda yake duba agogon babban mutum. Ya daɗe yana dubawa, don idon nasa ya ciko, ba ya son a gani.

"Wannan haƙori ne mai kyau," ya ce da ƙyar. "Ban taɓa ganin irinsa ba."

Daga nan fa Aku ta buɗe baki. Labarin haƙori, labarin Malama, labarin wata yarinya da ta haɗiye nata haƙorin da burodi, labarin wata biyar da aka tara masa. Yana zaune yana cewa "to," yana cewa "kai!" har tara da rabi ta wuce. Uwar ta ce ya isa haka, kowa ya kwanta.

Aku ta ce to. Amma maimakon ta kwanta sai ta sauko daga gado, ta ɗauke 'yar tsana ta ajiye a kan matashi, ta kama 'yar shuɗiyar kujerar da hannu biyu ta fara ja, ƙafafunta na ƙara a ƙasa. Suka bi ta da kallo har falo. Ta kai ta bakin ƙofa, ta ture tsintsiya gefe, ta daidaita ta a wurinta na da.

"Ina za ki da kujera kuma?" in ji shi. "Ai ga ni a gida."

"Ta gobe ce," ta ce, tana hamma. "Kada ka makara, Baba. Ka tafi da kazar."